Yadda ake sauke giyabos ɗin tsohuwar Hilux a ɗora wani a gida

Tun da aka ga na baje giyar motata a ƙofar gida nan Tumfure mutane ke ta tambayata wai da gaske mutum zai iya canza giyabos ba tare da ya kai gareji ba, to amsa ita ce eh zai iya, in dai yana da kayan aiki da mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi da kuma haƙuri. Ni na yi a tawa na yi a ta ƙanena na taya abokai da dama. Duk abin da zan faɗa a kan tsohuwar Hilux ce mai giyar hannu, irin na shekarun 1980 zuwa 1990 da wani abu, masu injin 22R na fetur ko 3L na gas, waɗanda har yau ke ɗaukar buhunan masara daga Kumo ba sa gajiya. In taka Nissan ce ko Mitsubishi aikin kusan ɗaya ne. Mai otomatik kuma wannan wani karatu ne daban, kar ka bi wannan bayanin.

Kafin komai ka tabbata giyar ce ta mutu. Da yawa mutane na kashe kuɗin giyabos alhali faifan kuloc ne ya cinye ko kulocin ƙasa, wato ɗan fistin mai aiki da mai da ke jikin giya yana tura kuloc, ke yoyo. In ka taka totur injin ya yi ihu mota ba ta ja ba, kuloc ne. In giya na ƙin shiga sa'ad da injin ke aiki amma da ka kashe mota tana shiga sumul, nan ma wajen kuloc za ka duba. Amma in tana fitar da giya da kanta kana cikin tafiya, ko tana kuka kamar injin niƙa a wata lamba guda, ko ka zubar da mai ka ga gutsattsarin ƙarfe, to ita ce.

Kayan da za ka tanada

Sifana da soket masu lamba 10, 12, 14, 17 da 24. Ita 24 ɗin ta notin zubar da mai ce. Sai doguwar sandar soket, in ka samu biyu ko uku ka jojjona ma ya fi, don noti biyu na can saman giya ba a isa gare su sai ta baya. Jak guda biyu, ɗaya na injin ɗaya na giya, in da hali ɗayan ya zama mai taya. Ƙafafun ƙarfe huɗu da ake ɗora mota a kai. Sukundireba, filaya, guduma, tocila, giris, samfefa, fenti ko alli na yin alama, tsohon baho na tarar mai, tiyo siriri da mazurari, waya ko igiya, tsumma da yawa, kwali ko tamfol na kwanciya. Man giya 75W-90, ka sayi lita huɗu, in ya ragu ka ajiye. In kana da wanda zai ara maka sifana mai awon ƙarfin ɗauri ka aro.

Tunda giya za ta sauka, ka sayi faifan kuloc da murfinsa da boris ɗin da ke tura kuloc da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan injin da kuloc ke ɗaure a jikinsa, har da oyilsil na bayan injin da na bayan giya. Na san aljihu zai yi kuka, amma duk wahalar aikin nan a saukewa da ɗorawa take, ba wanda zai so ya sake kwanciya ƙarƙashin mota bayan wata biyu saboda boris ɗin da bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Maganar sayen giyar

Yawanci ta Beljiyam ake saya, wasu su yi oda daga Ƙofar Ruwa a Kano wasu daga Jos. Abin lura shi ne ba duk giyar Hilux ce ɗaya ba ko da sun yi kama a ido, akwai G52 da G58 da W56, akwai R150F da ke zuwa da injin V6, kuma bakin da ke haɗuwa da injin fetur daban yake da na injin gas. Ni an taɓa yi min, wani mai kaya ya rantse min ɗaya ce, na ɗauko na kawo gida sai ga ramukan noti ba su hau ba, na yi kwana huɗu mota na rataye kafin ya yarda ya canza. Tun daga ranar sai na sauke tsohuwar na tafi da ita, ko in ɗau hotonta ta kowane gefe in auna tsawonta da tef. Ka duba bakin gaba, ka ƙirga haƙoran sandar gaba, wato wadda ke shiga kuloc, ka duba inda sandar giya ke zama da inda sitin giya yake, wato robar da giyar ke zama a kai. A gaban mai kayan ka sa kowace lamba ka juya sandar gaba da hannu, ka ga bayan giyar na juyawa ba tare da ƙara ko cijewa ba, har ribas. Ka girgiza sandar, ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in tana rawa sosai ka ajiye musu kayansu. Kuma ku yi magana tun farko cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.

1. Shirya wuri da ɗaga mota

Wuri mai tauri kuma daidai, siminti ya fi. In ƙasa ce irin tamu mai yashi ka shimfiɗa katako mai faɗi ƙarƙashin jak da ƙafafun ƙarfen. Ka fara da sassafe bayan asuba, don ranar Gombe in ta take ƙarfen ma ba ya taɓuwa. Cire kan batir na nagatib, wannan dole ne saboda za ka taɓa kik. Sa weji gaba da bayan taya, ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafu a jikin casis, ta yi tsayin da giya za ta iya fitowa ta ƙasa. Sannan ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka shiga.

Don Allah ɗan'uwa kar ka ɗora mota a kan bulo. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake. Kar kuma ka dogara da jak shi kaɗai. In babu ƙafafun ƙarfe ka nemi guntayen katako masu kauri irin na gungume ka jera a kwance, ka kuma tura safayar taya ƙarƙashin casis saboda tsaro. Yara kuma a kore su daga wurin, su da son leƙe.

2. Cire sandar giya daga cikin mota

Mai da giya firi. Kwance ƙwallon kan sandar, cire robar da murfin ƙasa. A gindin sandar akwai wani ɗan murfi, ka rufe shi da tsumma ka danna ƙasa ka juya hagu, sai sandar ta zaro. In mai fo-wil ce sanda biyu za ka cire. Toshe ramin da tsumma kar yashi ya shiga. Mutane na mantawa da wannan matakin su shiga ƙasa su yi ta jan giya tana ƙin sauka.

3. Zubar da mai

Fara kwance notin zuba mai na gefe kafin na ƙasa, ka saba da haka ko a ina, saboda in ka zubar da mai sannan ka tarar na zubawa ya cije ka shiga uku. A sabuwar giyar ma ka kwance shi tun tana ƙasa ka ga yana buɗuwa. Notin ƙasa na da maganaɗisu, duba abin da ya kama. Laushin ƙarfe kamar toka ba abin damuwa ba ne, gutsattsari ne ke nuna haƙori ya karye.

4. Farfela

Kafin ka taɓa noti ka yi alama da fenti a inda farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, ta haɗu da aksil ɗin, layi ɗaya ya ratsa ɓangarorin biyu, don ta koma yadda take, in ba haka ba mota na iya kama rawa a kan gudu. Noti huɗu ne, lamba 14, kuma suna da taurin kai, sai ka sa wani ya ja hambirki ka kwance biyu ya saki ka juya farfelar ya sake ja. In doguwa ce mai boris a tsakiya ka kwance shi ma, ka lura da 'yan zobban ƙarfen da ke wurin notinsa kar su ɓata. A wadda ba fo-wil ba gaban farfelar zarewa kawai yake daga bayan giya. Mai fo-wil kuwa farfela biyu ce, gaba da baya. Kar ka bari ta faɗo ƙasa ta lotsa.

5. Ƙananan abubuwan da ke jikin giya

Wayar fitilar ribas, wayar mita da ake kwancewa da hannu ko filaya, wayar fitilar fo-wil in akwai, da ƙarfen da ke riƙe salansa a jikin giya. Wani lokaci sai ka kwance gaban salansar gaba ɗaya kafin hanya ta samu, in notinta sun yi tsatsa ka jiƙa su da man birki ko kananzir tun daren jiya. Kulocin ƙasa noti biyu ne lamba 12, ka kwance shi ka ɗaure a gefe da waya, kar ka buɗe bututun mansa, in ba ka buɗe ba babu ruwanka da fitar da iska daga baya. Kuma ka gaya wa kowa kar wanda ya taka kuloc daga yanzu, in aka taka fistin ɗinsa zai fito mai ya zube. Sai kik, cire wayoyinsa ka kwance shi ka ajiye. Ka ɗau hoto da waya kafin ka cire kowane abu, noti kuma ka zuba kowane rukuni a ledarsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne.

6. Tallafe injin da sauke giya

Nan aikin yake. Sa jak ɗaya ƙarƙashin kaskon man injin, amma da katako mai faɗi a tsakani don kar ka lotsa shi, ka ɗan taɓa shi kawai ba ɗagawa ba. Jak na biyu ƙarƙashin giya, shi ma da katako, in da hali ka ɗaure giyar da igiya a jikinsa. Kwance sitin giya da ƙarfen da ya gitta casis yana ɗauke da ita. Yanzu ka sassauta jak a hankali bayan giyar ya ɗan sunkuya, wani ya tsaya a sama yana kallon fanka kar ta daki lagireto, bayan injin kuma kar ya matse wani bututu a jikin bodi. Wannan sunkuyawar ce za ta ba ka hanyar noti biyu na sama, ka jona sandunan soket ka turo ta saman giya daga baya, ɗaya na haska tocila. Lamba 17 ne manyan. Cire farantin ƙasa da ke rufe fulawil da ƙarafan gefe masu riƙe giya da injin. Ka bar noti ɗaya a kowane gefe sai ƙarshe, ka zagaya da hannu ka tabbata babu waya ko noti da ya rage.

Sai ku ja ta baya, miƙe, kuna ɗan girgizawa. In ta manne ka sa sukundireba mai kauri ka ɗan ɓanɓara a hankali ta gefe da gefe. Abin da ba a so shi ne nauyinta ya rataya a kan sandar gaba tana cikin kuloc, yana lanƙwasa faifai. Sai sandar ta fita gaba ɗaya sannan a sauke jak. Nauyinta ya kusa buhun siminti, mai fo-wil ta wuce haka nesa kuma nauyin a karkace yake, tana son juyewa gefe. Kar ka kwanta daidai ƙarƙashinta, kar ka ce za ka tare da ƙirji, na ga wanda ya yi haka ya yi wata yana jinyar haƙarƙari. In jak ɗaya gare ka, ka tallafe injin da katako, ka gitta ƙarfe mai ƙarfi a cikin mota saman ramin sandar giya, ka zuro igiya ta ɗaure giyar, ɗaya na sassautawa daga sama biyu na riƙe a ƙasa. Tsohuwar taya a ƙasa ta tare ta.

7. Kuloc da fulawil

Kwance notin murfin kuloc kaɗan-kaɗan kana tsallakawa, ba ɗaya bayan ɗaya a jere ba, ka tare faifan kar ya faɗo maka a fuska. Ƙurar da ke wurin kar ka hura ta da baki, tsofaffin faifai na iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Duba fuskar fulawil, in sheƙi ne kawai samfefa ta isa, in akwai tsagewa ko shuɗin ƙuna ko kwari sai an kai wa masu injin gyaran ƙarfe sun share. In ka ga mai na tsattsafowa daga bayansa to oyilsil ne, sai fulawil ya fita, ka yi masa alama kafin ka cire.

Ƙaramin boris na tsakiya in babu abin zare shi ga dabara: cika ramin da giris ko jiƙaƙƙen burodi, ka samu ƙarfe ko noti da ya cika ramin daidai ka buga da guduma, ka ƙara cikawa ka sake bugawa, zai turo kansa waje. Ranar da na fara yi da burodi maƙwabcina dariya ya yi ta yi har sai da ya ga boris ya fito. Sabon kuma ka buga shi da soket mai faɗin bakinsa na waje.

Wanke fulawil da fuskar sabon murfin da fetur, hannunka ma ya zama babu giris. Faifan kuloc yana da gaba da baya, gefen da cibiyarsa ta fi tudu shi ke kallon giya, gefe mai lafewa na kallon fulawil, wasu ma an rubuta a jiki. Na taɓa juya shi, muka gama ɗora komai ana kiran magariba, na tada mota giya ta ƙi shiga ko ɗaya, washegari muka sake saukewa daga farko. Kafin ka ɗaura shi ka gwada zura shi a sandar gaba ta sabuwar giyar ka ga yana zamewa.

Dole faifan ya zauna a tsakiya cif. Akwai ɗan sandan roba da ke zuwa da wasu kuloc, in babu ka nemi tsohuwar sandar gaba ta giya wurin bakanike, in ita ma babu ka feƙe icce ya shiga boris ɗin, ka naɗa masa salatif har ya cika ramin faifan. Yana ciki za ka ɗaure murfin, kaɗan-kaɗan kana tsallakawa. A injin 22R notin murfi 19 Nm ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sifana mai awo), na fulawil 108 Nm. Na murfin ƙanana ne, in ba ka da sifana mai awo kar ka sa musu bututu, karyewa suke. Bayan ka gama sandan ya riƙa shiga yana fita ba tare da cijewa ba, in yana cijewa sassauta ka sake.

8. Shirya sabuwar giya

Ajiye su gefe da gefe ka kwashe abin da babu a sabuwar: cokalin kuloc, wato ƙarfen da ke tura boris ɗin kuloc, da robarsa, sitin giya, makunnin ribas, da ɗan haƙorin mita, gara ka sa naka na asali don mita ta ci gaba da karatu daidai. Canza oyilsil na baya. Giris ɗan kaɗan a haƙoran sanda da inda boris ke zamewa da inda cokali ke juyawa, kaɗan fa, in ya yi yawa zai fantsama kan faifai mota ta riƙa karkarwa in za ta tashi. Duba ƙananan turaku biyu da ke saita giya da injin, wani lokaci ɗaya na maƙalewa a tsohuwar, ko sabuwar ta zo da nata su zama biyu a rami ɗaya.

9. Ɗorawa

Wannan wurin ne ake gane mai haƙuri. Samu dogayen noti biyu irin na bakin giya ka yanke kawunansu ka ɗaura a jikin injin hagu da dama, su za su zame maka jagora. Sa giyar a lamba huɗu, ka ɗan saƙala sandar giya ka sa lambar sannan ka cire ta. Ɗaga ta har bakinta ya yi daidai da injin, tazarar sama da ta ƙasa da ta gefe duk su zama ɗaya, ka auna da yatsu. Ku tura a hankali, in ta tsaya ka juya bayan giyar kaɗan, haƙora za su haɗu ka ji ta zame. Sau da yawa takan tsaya saura kamar faɗin yatsa ɗaya, wato bakin sanda bai shiga ƙaramin boris ba, ka ɗaga ko ka sauke bayanta kaɗan kana girgizawa.

Ko me za a yi kar ka jawo ta da noti. Shaiɗan zai raya maka ai saura kaɗan, ɗaure kawai za ta shige, to a nan ake fasa bakin giya ko a murƙushe boris ko a lanƙwasa sabon faifai. Giyar da ta hau daidai da hannu take rufewa har ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. In kun yi minti talatin ta ƙi, ku sauke, ku sha ruwa, a sake duba saitin faifan, kusan kullum shi ne. Ka kuma leƙa kar wata waya ta shiga tsakani.

In ta zauna sai ka sa noti duka da hannu tukuna, ka cire jagororin, sannan ka ɗaure, manyan 72 Nm. Daga nan komai ya koma yadda ya fito: ɗaga baya, ƙarfen gitta da siti, kik, kulocin ƙasa ka tabbata sandansa ya zauna a kwarin cokali, wayoyi, salansa, farfela a kan alamarta 74 Nm, sai sandar giya daga ciki.

10. Mai da gwaji

Mota ta zama a daidaice. Zuro tiyo daga wajen injin ko ta ramin sandar giya zuwa ramin gefe, mazurari a sama, ka zuba har sai ya fara dawowa ta ramin, shi ne ma'auninsa. Man na da kauri, in ka ajiye galan ɗin a rana ya ɗan yi ɗumi ya fi saurin sauka. Mai fo-wil kar ka manta akwatin baya man sa daban ne da ramin zubawarsa. Yawancin giyar Beljiyam a bushe take zuwa, kar ka ɗauka akwai mai a ciki.

Mai da kan batir. Taka kuloc ka ji ƙafar ta yi tauri yadda ta saba. Tada mota a firi ka saurara, taka ka saki, sannan ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har ribas, fitilar ribas ta kama. In lafiya sauke ta ƙasa ka zaga unguwa a hankali, ka dawo ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sannan ka hau titi, ni nakan miƙa hanyar Dadin Kowa in dawo, ina sa kowace lamba ina sakin totur in ga ko za ta fitar. Sabon kuloc kuma kar ka lafta wa motar kaya a makon farko, a bar shi ya zauna. Bayan kwana biyu ko uku ka sake shiga ƙasa da 14 da 17 ka bi notin farfela da na siti, ka buɗe ramin gefe ka sa yatsa ka ji man na nan. Tsohuwar giyar kuma kar ka sayar wa 'yan gwangwan, ka rufe bakinta da leda ka ajiye, sandar gabanta kaɗai za ta yi maka saitin kuloc nan gaba.